Gidan tarihi ko ƙauye: ina za a kai ɗalibai?

Malamin da ke son yara su ga rayuwar ƙauye ta da, da yadda ta sauya, hanya biyu ce a gabansa.

Akwai gidan tarihi irin na fili. Tun da aka buɗe Skansen a birnin Stockholm na Suwidin a 1891, inda aka kwaso tsofaffin gidaje daga sassan ƙasar aka sake kafa su wuri guda, ƙasashe da dama suka bi sahu. Nan komai a shirye yake: ga mai jagora, ga bayani a rubuce, ga tsofaffin kayan noma a jere. Sai dai lokaci ya tsaya cak. Yaro zai ga jiya, amma ba zai ga yadda jiya ta zama yau ba.

Ƙauyen da mutane ke zaune kuwa sai an sha wahala. A nemi izinin shugabanni, a duba hanya, a kauce wa lokacin girbi, don ranar babu mai sauraron baƙo. Amma can ne yaro zai ga rufin kwano kusa da na ciyawa, ya ga tsohuwar rijiya an bar ta saboda famfo, ya kuma tambayi dattijo yaushe samari suka fara tafiya birni da abin da ya kore su. Allon bayani ba ya amsa tambaya.

A dai ja wa yara kunne: mutane ne a gidajensu, ba abin kallo ba, kuma ba a ɗaukar hoto sai da yardarsu.

Ni 'yan firamare zan kai gidan tarihi, 'yan sakandare kuma ƙauye, kowa da littafin rubutu.