Sharhi: tikitin Eurail da muka ratsa ƙasa huɗu da shi, ni da iyalina daga Kumasi

Gidaje da dama a Aboabo da Asawase suna da ɗa a Jamus da 'ya a Italiya, kuma duk wanda Allah ya ba ikon kai iyalinsa ziyara Turai ya san ba a zuwa wajen ɗaya a tsallake ɗaya. Ƙanena yana Hamburg, ƙanwata tana aure a Brescia. Mu shida muka tashi a dogon hutun yara na watan Agusta: ni, da uwargida, da mahaifiyata Hajiya, da babban yarona mai shekara 15, da ƙanwarsa mai 9, da auta mai 3. Mun sauka Amsterdam, muka dawo gida ta Roma, duk abin da ke tsakani kuwa jirgin ƙasa ne da tikitin Eurail Global Pass. Hukuncina shi ne ya biya kuɗinsa, amma ribarsa tana cikin ba ka damar rasa jirgi ka hau na bayansa ba tare da ka sake ciro kobo ba. Mai tafiya da tsohuwa da ƙaramin yaro ya san darajar wannan.

Tikitin tsoho ne, tun 1959 ake sayar da shi, kuma na waɗanda ba mazauna Turai ba ne. Mazauna can nasu Interrail ne, don haka ƙanena bai iya sayen irin namu ba. Yana aiki a ƙasashe 33. Mun ɗauki na kwana 5 cikin wata ɗaya, wato ka zaɓi ranakun da kake so, a kowace ranar kuma ka hau jirgi iya son ranka daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare. Na babba a aji na biyu ya ɗan haura Yuro 300. Inda iyali ke samun sauƙi shi ne rabon shekaru: yaro daga 4 zuwa 11 kyauta ne, har yara biyu a kan kowane babba, sai dai dole ka saka sunansa lokacin saye a ba shi nasa tikitin. Wanda bai kai 4 ba ba ya bukatar komai. Daga 12 zuwa 27 akwai rangwamen matasa, daga 60 zuwa sama akwai na dattawa. Cikinmu shida, ni da uwargida kaɗai muka biya cikakken kuɗi.

Kada a sayi komai sai biza ta fito. Holan da Jamus da Suwizalan da Italiya duk biza ɗaya ce ta Schengen, kuma ana nema ne a hannun ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa, mu Jamus ke nan. Kuɗinta Yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ga inshorar lafiya da za ta ɗauki nauyin aƙalla Yuro 30,000. Sai an je Accra a ɗauki hoton yatsun duk wanda ya kai shekara 12, kuma ana karɓar takardu tun wata 6 kafin tafiya. Shi tikitin jirgin ƙasa ba ya gudu, cikin minti kaɗan yake shigowa waya. Da katin banki ake biya, MoMo, wato kuɗin waya, ba ta aiki a nan, saboda haka ka leƙa bankinka a Adum su buɗe maka katin don sayayya a intanet, su kuma ɗaga iyakar abin da za ka iya kashewa a rana, domin kuɗin mutum huɗu a sidi ba ƙarami ba ne.

Manhajarsu, Rail Planner, ita ce tikitin gaba ɗaya. Kana neman jirgin da za ka hau, ka saka shi cikin tafiyarka, ka kunna shi, sai ta fito da wata alama mai ɗigo-ɗigo da mai duba tikiti zai haska da na'urarsa, wani lokaci ya nemi fasfo. Na zuba tikitin kowa a wayata, kuma dole kowane mutum a kunna masa nasa daban kafin a shiga tarago. Jadawalin jirage yana buɗewa ko babu intanet, wannan ya burge ni. Sai dai ba ya nuna maka makarar jirgi ko canjin layi na wannan lokacin. Wannan sai allon tasha ko manhajar jiragen ƙasar da kake ciki. Waya kuwa kada ta mutu. Batirin ajiya ya zama cikin jakar hannu, ba cikin akwati ba.

Abin da mutanenmu suka fi ruɗewa a kai shi ne bambancin tikiti da kujera. Tikitin ya ba ka izinin hawa ne. A cikin Holan da Jamus da Suwizalan yawancin jirage kana shiga ne ka zauna inda ka samu, kama kujera ganin dama ne. Amma jirage masu gudu na Italiya da Faransa, da Eurostar mai zuwa Landan, da duk jiragen dare, sai ka biya kuɗin kujera daban, kuma yarinyar da tikitinta kyauta ne ita ma sai an biya mata. A Frecciarossa na Italiya Yuro 13 muka ba da a kan kowace kujera. A watannin zafi wasu jiragen da ke tsallake iyakar Jamus su ma kan wajabta kujera, saboda haka a duba tun daga gida. Ni dai ko inda ba dole ba na kama mana a doguwar tafiya, domin ba zan iya ganin Hajiya a tsaye ba, ba kuma zan raba yara tarago uku ba. Jiragen ICE masu gudu na Jamus suna da ɓangaren iyali, har da ɗan ɗaki na masu ƙananan yara inda auta ya yi ta birgima a ƙasa babu mai harararmu.

Ranar da muka bar Amsterdam zuwa Hamburg ne na ga amfanin abin da na saya. Ana canjin jirgi a Osnabrück. Namu ya makara, muna saukowa da akwatuna muka hangi bayan wanda za mu hau yana fita daga tasha. Uwargida ta dube ni ta ce, "Alhaji, yanzu sai mu sake biya?" Na ciro waya, na cire wancan jirgin, na saka na gaba, na kunna wa kowa. Shi ke nan. Muka nemi benci, Hajiya ta miƙe ƙafa, uwargida ta jiƙa wa yara gari da sukari da gyaɗa a kofi, auta ya yi fitsarinsa a natse. Kujerun da muka kama sun tafi da wancan jirgin, amma mun samu wuri. Na san idan laifin jirgi ne ko mai tikiti na yau da kullum ana barinsa ya hau na gaba. Sai dai sau da yawa makarar iyali daga gida take tasowa: takalmin yaro ya ɓace, tsohuwa ba ta iya sauri a matakala, ana jiran lifta. Tikiti mai araha da aka ɗaure da jirgi ɗaya ba ya yafe wannan. Namu ya yafe, kuma ba sau ɗaya ba.

Daga Hamburg zuwa Suwizalan akwai jirgin dare, Nightjet, wanda ke cin rana ɗaya kacal a tikiti, ranar da ka hau, kuɗin gado kuma daban. Mun bar shi saboda gwiwar Hajiya da tsanin hawa gado. Muka bi na rana ta Hannover da Frankfurt da Basel, kusan awa takwas zuwa Zurich, sannan awa ɗaya da 'yan mintoci zuwa Chur inda muka kwana. Wanda ke gaggawa daga Zurich zai bi ta ramin Gotthard, mai tsawon kilomita 57 a ƙarƙashin dutse, wanda aka buɗe a 2016, ya isa Milan cikin awa uku da wani abu. Mu hanyar sama muka zaɓa, ta Bernina, daga Chur zuwa Tirano.

A kan wannan rana kaɗai zan iya cewa a sayi tikitin. Jirgin 'yan yawon buɗe ido mai manyan tagogi yana bukatar kuɗin kujera, amma jajayen jiragen da mutanen ƙauyukan suke hawa layi ɗaya suke bi, kuma tikitinmu ya wadatar, sai dai a yi canji a hanya. Layin yana cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 2008, da ramuka 55 da gadoji 196. A gadar Landwasser jirgin yana lanƙwasa a sama, ka hangi kansa yana shigewa cikin bangon dutse alhali taragonka yana kan gada. Ya yi ta hawa har Ospizio Bernina, mita 2,253 sama da teku, ga ƙanƙara fara fat a kan duwatsu cikin watan Agusta. Hajiya ta ja mayafi ta rufe kunne, carbi a hannu, ba abin da take maimaitawa sai "Tabarakallah". Can ta juyo ta ce wa babban yarona, "Kai, mai gidana, ka san mu ma mun yi jirgi? Daga Kumasi muke kwana a ciki mu wayi gari a Takoradi." Gaskiyarta. Layin dogo ya iso Kumasi daga Sekondi tun 1903, na Accra ya haɗu a 1923, ga shi yau jikokinta sai da suka zo wata nahiya suka fara taka tarago. Wannan ya tsaya mini a rai. Daga can jirgin ya gangaro, ya zaga gadar Brusio mai kewaye, ya ratsa tsakiyar titi a Tirano. Sai ƙaramin jirgi zuwa Milan, wani kuma zuwa Brescia. Doguwar rana ce ƙwarai, mun isa a gajiye liƙis, kuma mai tsoho da bai kai Hajiya ƙarfi ba gara ya kwana a Tirano.

Sauran ranaku biyu mun kashe su a zuwa Venis da dawowa, da kuma Roma. A Italiya a kula, jiragen Italo na wani kamfani ne daban, tikitin bai shafe su ba. Haka jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas na cikin gari, ko'ina ka je kuɗinsu daban. Kada kuma a ƙona rana guda a kan gajeriyar tafiya: daga filin jirgin Schiphol zuwa tsakiyar Amsterdam bai fi minti ashirin ba, mun sayi tikitinsa a na'ura.

Kaya su ne wahalar jirgin ƙasa. Babu mai auna maka kilo, amma babu ɗan dako kamar a kasuwar Kejetia, kuma a tashoshin hanya jirgi minti biyu ko uku yake tsayawa. Mu da muka ɗauko tsarabar gida biyu mun ji a jikinmu har muka sauke rabi a Hamburg. Tsarinmu shi ne yaro ya shiga ya karɓa, ni in miƙa daga ƙasa, uwargida ta riƙe Hajiya da ƙanana. Allon tasha yana nuna inda taragonka zai tsaya, a je can tun jirgi bai iso ba. Kilishi da duk wani nama ko madara an hana shiga da su Tarayyar Turai, a bar su gida. Abincin halal bai ba mu wuya a Hamburg ba, titin Steindamm da ke jikin babbar tasha cike yake da shagunan Turkawa da Larabawa, ga masallatai kusa. A Suwizalan kuwa tsada ta sa muka shiga da guzurinmu, kuma kuɗinsu faran ne, ba Yuro ba. Salla mun yi ta ƙasaru muna haɗawa, muna yin alwala kafin mu bar masauki, don bayan gidan jirgi matsattse ne kuma ruwansa ba na sha ba ne.

Ba kowa zan ce ya saya ba. Wanda Jamus kaɗai zai zauna, ya kuma san ranakunsa daram, tikitin rangwame da ake saye tun da wuri zai fi masa sauƙi, yana farawa daga wajen Yuro 20, kuma a can yara har shekara 14 kyauta suke hawa in suna tare da babba, muddin an rubuta su lokacin saye. Ka raba kuɗin tikitin da yawan ranakunsa, namu ya kama Yuro 60 da ɗoriya a rana ga babba, sannan ka gwada da farashin kowace tafiya. Hamburg zuwa Chur in ka saya a kurarren lokaci ya wuce Yuro 100 nesa ba kusa ba, Brescia zuwa Milan kuwa bai kai a taɓa tikitin ba. Wanda hanyarsa duk ta Faransa ce zai yi ta biyan kuɗin kujera, Yuro 10 zuwa 20 a TGV na cikin ƙasar, kuma kujerun da ake ware wa masu irin wannan tikiti a jiragen da ke tsallake iyaka suna ƙarewa da wuri a lokacin hutu. Mai son ƙarawa da Landan kuma ya tuna Ingila ba ta cikin Schengen. Tikitin zai kai shi ta Eurostar, amma sai ya nemi bizar Ingila daban tun yana Ghana, shi da kowane yaro.