Kan keke mai lanƙwasa ko miƙaƙƙe, wanne za a sa ma dattijo?

Tunda na canza ma Baba kan kekensa nan Argungu ake ta tambayata wai wanne ya fi. To mai lanƙwasa irin na tsohon Phoenix yana dawowa wajen mahayi, dattijo ya zauna ɗoɗar bisa sirdi, nauyi ya bar wuyan hannu, yana kallon gabansa ba ɗaga wuya, sai dai cikin rairayi kan yakan yi rawa don nauyi ya koma baya. Miƙaƙƙen dole ka duƙa, amma wallahi ya fi riƙe hanya. Wajen kuɗi, mai lanƙwasa kan jawo sayen doguwar wayar birki. Mai ciwon baya da iyakarsa masallaci da kasuwa, a sa mai mai lanƙwasa. Tsohon da har yau ke ratsa yashi zuwa fadama, a bar mai miƙaƙƙensa.