Kwana biyu a Yankari tare da masu shirya tafiya: abin da na biya da abin da na samu

Hoton giwa ne ya ci kuɗina. Wasu matasa ne a Kano masu shirya yawon buɗe ido suka sa talla a Instagram: kwana biyu a Yankari, mota da masauki da abinci duk a wuyansu, ga garken giwaye a bakin ruwa, ga zaki yana hamma. Ba zan kama suna ba, don yaran na da ladabi, lissafi ne ya yi musu ƙaranci.

An ce ƙarfe 6 na safe za a tashi, ba mu bar Kano ba sai wajen 9, mu 14 a bas ɗaya. Muka bi ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi har Bauchi, muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima aka karkata zuwa Mainamaji inda ƙofar dajin take. A nan kowa ya fara gyara jaka, ashe daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sama da kilomita 40 cikin daji. Da tsaye-tsayen hanya da komai, sai da rana ta faɗi muka sauka. Zagayen kallon namun daji na yamma da ke cikin kuɗinmu ya bi ruwa, ba wanda ya ƙara tada zancensa.

Ruwan Wikki ne ya wanke mini haushi. Daga ƙarƙashin wani dutse yake fitowa, garai-garai, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Mu kuwa a Janairu muka je, hunturu na tsakiyar cin kasuwarsa. Bayan sallar asuba na shiga haƙorana na kaɗawa, sai ga shi fitar ce ta gagare ni. Matan da ke cikinmu sai da suka nemo wa kansu lokacin da wurin ba jama'a, abin da ya kamata a ce masu shirin sun yi tunaninsa tun daga gida.

Birai kuma su ne masu unguwa. Wani gwaggon biri ya fizge ledar burodi daga hannun abokina, ya koma gefe ya zauna yana ci yana kallonsa. Kulle ƙofa da taga, ko minti ɗaya za ka yi a waje.

Inda kuɗina ya fita shi ne zagayen safe, kuma wani dattijo ma'aikacin dajin ne ya fitar da shi. Tun a mota na dame shi da tambayar giwa. Ya ce, "Ɗana, giwa ba akuyar gidanku ba ce da za a ɗaure maka ita. Dajin nan murabba'in kilomita 2,244 ne." Can gaba ya sa direba ya tsaya, ya nuna mana sawu kamar faifai a cikin yashi, da reshen da aka karya daga sama, da tulin kashi. Ya tona kashin da sanda ya ce na jiya ne, sun yi kudu. Na ce, "Baba, to yaushe ake dacewa?" Ya ce sai Maris ko Afrilu, lokacin da tafkuna suka ƙafe, ƙishi ya koro komai zuwa kogin Gaji. Wannan bayani ɗaya da yana cikin tallar da na jira wata biyu.

Duk da haka mun ga gwambaza, mun ga ɓauna daga nesa, ga gadu na gudu wutsiya a miƙe, ga kada kwance baki buɗe. Dattijon ne ya ba mu labarin cewa a 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan jihar Bauchi ta karɓe shi a 2006. Ya kai mu kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin baya suka sassaƙa a jikin dutse. Na leƙa ɗaya, na kasa gane yadda aka yi wannan aiki da ƙarfen hannu.

Kada ka sa baƙaƙen kaya ko shuɗi. Ƙudan tsando na son su, kuma ta cikin riga yake cizo. Ni da na sa baƙar riga don hoto ya yi kyau, sai da na kwana uku ina susa.

Abinci ba laifi, shinkafa da miya, sai dai sau biyu ana kawo ta a sanyaye. Direba mai hankali ne, bai yi gudu da mu ba.

A Maris zan koma, amma da motar ƙanena, mu tashi ana idar da sallar asuba, in nemi Baba tun daga ƙofa. Yaran kuwa na tura musu saƙo kan kuɗin zagayen yamma. Sun ce in sha Allah.