Sharhi: koyon taifin a shagon kwamfutar garinmu

Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin tasha, kan hanyar Gumel zuwa Maigatari: tsofaffin kwamfutoci, benci, da wutar sola. Yawancin ɗaliban 'yan JAMB ne, tun da aka mayar da jarrabawar kacokan kan kwamfuta a 2015. Ni kuwa takardun ƙungiyarmu ta manoma ne suka kai ni, na gaji da biyan kuɗin bugu.

Abin da na fi yaba wa malamin shi ne tsarin lokaci. Awa ɗaya kullum, ba ƙari. Wani dattijo ya ce, "Malam, damina ce, a haɗa min duka ranar Asabar mana." Malam ya ce, "Baba, yi haƙuri, yatsa ba ya haddar dare ɗaya." Kuma yana da gaskiya. A 1978 masu bincike Baddeley da Longman sun gwada wannan da ma'aikatan gidan waya a Birtaniya: masu yin awa ɗaya a rana sun ƙware cikin awanni kaɗan a jimla fiye da masu yin awa huɗu. Barci ma na da nasa rabon. Binciken Matthew Walker na 2002 ya nuna masu koyon jerin dannawa da yatsu sun ƙara sauri da kusan kashi 20 cikin ɗari bayan barcin dare, ba tare da ƙarin atisaye ba. Na ga haka a jikina: layin da ya gagare ni da la'asar, da safe sai ya zo da kansa.

Dabarar Malam ta rufe mana hannu da ɗankwali ita ma ta yi aiki. Dole manuniya ta laluba ɗan tudun nan da ke kan maɓallan F da J na kibod, daga nan sauran yatsu su san gidajensu.

Inda ban gamsu ba shi ne daɗewar da muka yi muna horar da hannu ɗai-ɗai. Hagu yau, dama gobe. Na iya buga "dawa" da hagu zalla, na iya buga "kunu" da dama zalla, har ina jin na zama gwani. Da aka zo kan "tuwo", inda harafi ɗaya na hagu ne, na biye na dama, sai na cije. Kowane hannu ya san aikinsa, amma miƙa wa juna wani karatu ne daban, kamar mata biyu masu daka a turmi ɗaya: ko kowacce gwana ce, sai sun saba da lugude. Da tun makon farko ya haɗa mana su, da an rage wahala.

Sannan darussan duk na Turanci ne. Hausa cike take da "a", ga shi kuma yana ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu, mafi rauni duka. Nawa har tsami yake yi. Su ɓ, ɗ da ƙ kuwa ba a ma yi maganarsu ba sai da na tambaya.

Kuɗin bai fi ƙarfin talaka ba. Wanda zai shiga ya roƙi Malam kalmomin hannu biyu da wuri, ya kuma shafa F da J kafin ya zauna, don wasu kibod ɗin tudun ya riga ya siɗe.