Gargaɗi ga mazauna Ingila da Amurka: tokar da aka ba ka ba lallai ta dabbarka ba ce

A gida in kyanwa ta mutu, rami ake haƙawa a bayan gida a binne, an wuce wurin. Wanda ke zaune a gidan haya a Landan ko Manchesta ko Niyok ba shi da wannan sararin. Dabbar da yaransa suka shaƙu da ita ta mutu a asibitin dabbobi, ana nan ana share hawaye sai a miƙo masa takarda: a ƙone ta tare da sauran dabbobi, ko a ƙone ta ita kaɗai a dawo masa da tokar? Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba, sau da yawa ninki biyu ko fiye. A cikin wannan bambancin kuɗin 'yan damfara ke cin abinci.

Hanyoyin ƙonawa uku ne. Akwai ta gayya, inda ake zuba dabbobi da yawa a tanderu ɗaya, kuma ba a dawo wa kowa da komai. Akwai ta kaɗaici, dabba ɗaya tak a tanderu, a share shi tas kafin a sa ta gaba. Sai ta tsakiya, wadda ita ce ke rikita mutane: a jera dabbobi da yawa a tanderu ɗaya, a raba su da bulo ko faranti. Wuta da iskar da ke kaɗawa a ciki ba ruwansu da bulo, toka kan gauraya. Wasu wuraren suna sayar da wannan ta tsakiyar da suna mai daɗin ji, har ka ɗauka ta kaɗaici ce. Don haka kada ka dogara da sunan da ke kan takarda. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: dabbobi nawa ne za su kasance a cikin tanderun a lokacin da tawa ke ciki? Ka nemi amsar a rubuce.

Wannan ba zato ba ne. A watan Afrilun 2025 babban lauyan jihar Pennsylvania ya tuhumi wani mai gidan jana'iza a birnin Pittsburgh da karɓar sama da dala 650,000 daga masu dabbobi fiye da 6,500 tsakanin 2021 da 2024. Tuhumar ta ce da yawa daga cikin dabbobin juji aka kai su, aka damƙa wa masu su tokar wasu dabbobin da ba a san ko na wa ne ba. A shekarar ce kuma a jihar Maryland aka gano wasu sun karɓi yashi da garin siminti a matsayin toka. A Ingila, a 2011, kotu ta ɗaure wata mata mai irin wannan sana'a a yankin Derbyshire bayan an tsinci karnuka yashe a wani fili, alhali masu su sun riga sun karɓi toka sun ajiye a gida.

Abin da ya sa wannan zamba ke daɗewa ba a gano ta ba shi ne toka ba ta da shaida. Zafin tanderu yana kaiwa tsakanin digiri 760 zuwa 980 a ma'aunin Salshiyas. A wannan zafin nama da gashi sun tafi, ƙashi kaɗai ke saura, shi ake niƙawa a inji ya zama abin da ake kira toka. Ƙwayoyin halittar da ake gwadawa a gane dangantaka sun lalace, 'yar na'urar shaidar da ake dasa wa dabba a ƙarƙashin fata, mai girman ƙwayar shinkafa, ita ma ba ta karantuwa bayan wuta. Babu ɗakin gwajin da zai duba ya ce maka wannan ta kyanwarka ce, waccan ta karen maƙwabci. Iyakar abin da gwaji zai iya tabbatarwa shi ne ƙashi ne ko ba ƙashi ba. Ma'ana duk binciken da za ka yi, kafin a kunna wuta ne. Bayan nan ihu ne bayan hari.

Mutane da yawa suna ɗauka asibitin ne ke ƙonawa. Ba haka ba ne a mafi yawan lokuta. Asibiti yana sa gawar a leda ya ajiye a firiza, motar wani kamfani ta zo sau ɗaya ko biyu a mako ta kwashe duka, na gayya da na kaɗaici a mota ɗaya. Asibitin yana ɗora nasa kason a kan kuɗin. Wannan ba laifi ba ne a kansa, amma yana nufin wanda ka biya ba shi ne zai yi aikin ba, mai yiwuwa ma bai taɓa taka ƙafarsa wurin ba. A 2024 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, CMA, ta buɗe bincike a kan harkar likitocin dabbobi, kuma kuɗin ƙona gawa na cikin abubuwan da ta duba. Kana da 'yancin ɗaukar gawar dabbarka ka kai inda ka zaɓa da kanka. Ba dole ka sa hannu a take ba. Asibiti na iya ajiye maka ita kwana ɗaya ko biyu ka yi tunani.

In ka kira wurin, fara da tambayar inda tanderunsu yake. Mai aikin gaskiya zai ba ka adireshi, ya ce ka zo ka gani, wasu ma suna barin mai dabba ya tsaya a sa ta a gabansa. Wanda ya ce doka ta hana baƙi shiga, ko ya ce sai dai ku haɗu a wurin ajiye motoci, dillali ne ko mayaudari. A Birtaniya hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai, APHA, ce ke ba irin waɗannan wurare izini, sai ka nemi lambar izinin. Akwai kuma ƙungiyoyin masu sana'ar, APPCC a Birtaniya da IAOPCC a Amurka. Tambarinsu a shafin mutum ba hujja ba ne, kowa na iya kwafo hoto ya manna. Shiga shafin ƙungiyar ka nemi sunan wurin a jerin mambobi. Ka kuma sani izinin hukuma ya fi shafar tsafta da hayaƙi da yadda ake zubar da mushe, ba wai jami'i na tsaye yana ƙirga dabbobin da ke shiga tanderu ba ne.

Sai batun lamba. Wurare masu tsari suna ɗaura wa kowace dabba ɗan faifan ƙarfe mara tsatsa mai ɗauke da lamba, yana shiga wuta tare da ita, ya fito tare da tokar. Amfaninsa yana ga ka san lambar tun farko. A rubuta ta a rasit ranar da ka miƙa dabbar, ka ɗauki hotonta a waya. Lambar da ka fara gani ranar karɓar toka ba ta tabbatar da komai, ana iya jefa ta a kowace leda.

Lissafi ma yana tona asiri. Ƙona kyanwa ita kaɗai yana cin wajen awa ɗaya, babban kare awa biyu ko fiye, ban da jiran tanderu ya huce da sharewa. Wurin da ke da tanderu ɗaya amma yake kwaso gawa daga asibitoci barkatai, yana kuma cewa duk ɗaya bayan ɗaya yake yi, ka tambaye shi awa nawa ke cikin yininsa. Haka in kuɗin kaɗaici ya kusa daidai da na gayya, to gas ɗin da aka ƙona wa ya biya?

In tokar ta zo, kada kunya ta hana ka buɗewa. Sa ledar a sikelin kicin. Tokar kan kai kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na nauyin dabbar, wato kyanwa mai kilo 4 za ta ba da wajen giram 120 zuwa 160, kare mai kilo 30 kuma wajen kilo ɗaya. Ƙiba ba ta ƙara toka sosai tunda ƙashi ake aunawa, don haka ɗan bambanci ba abin tashin hankali ba ne, amma kyanwa ta dawo da rabin kilo akwai magana. Tokar gaske fara ce zuwa ruwan toka, da ɓurɓushi mai ɗan kaushi. Yashi ƙwayoyinsa iri ɗaya ne, siminti kuwa in ka jiƙa rabin cokali ka bar shi zai daskare. In an taɓa yi wa dabbar tiyata aka sa mata ƙarfe a ƙafa, ka ce tun farko a dawo maka da shi, domin wuta ba ta cinye shi.

Akwai kuma waɗanda ba su da tanderu ba su da mota, shafi kawai gare su a Facebook da hotunan aro. Suna bin bayan wanda ya wallafa cewa dabbarsa ta mutu, su yi masa jaje, su nemi kafin alƙalami ta hanyar tura kuɗi kai tsaye, daga nan waya ta daina shiga. Biya da katin bashi. A Birtaniya, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ɗora wa kamfanin katin alhaki in kuɗin ya haura fam 100 kuma ba a yi aikin da aka yi alkawari ba. Kuɗin da ka tura da hannunka ko ka bayar tsaba, dawo da su sai an sha wuya. In ka gano an cuce ka, adana tokar da ledarta da rasit da saƙonnin da kuka yi, ka kai ƙara: a Ingila ta hanyar Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara, su ke miƙawa ga jami'an kula da ƙa'idar ciniki, a Amurka kuma ofishin babban lauyan jiharka. Ka sanar da asibitin ma, domin mai yiwuwa su ma ba su san abin da ake yi da sunansu ba.

Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ƙonawa ba, kuma da yawanmu haka muke, binnewa na nan. A Ingila an yarda ka binne kyanwa ko kare a filin gidan da ka mallaka, ba na haya ba, nesa da rijiya ko magudanar ruwa, akwai kuma maƙabartun dabbobi masu izini. A Amurka dokar ta danganta da jiha da gari. Ramin ya kai wajen mita ɗaya, musamman in allura likita ya yi wa dabbar don a hutar da ita, domin maganin yana daɗewa a jiki kuma yana iya kashe dila ko karen da ya tono ya ci.