Shagon kayan wasanni a titin Ahmadu Bello: rigar Caitlin Clark na nan, ƙwallon mata kuwa sai da jira

Kwanakin baya na raka 'yata, wadda ke buga ƙwallon kwando a makarantarsu, zuwa wani shagon kayan wasanni da ke kan titin Ahmadu Bello a nan Kaduna, domin in cika alkawarin da na ɗaukar mata na riga mai lamba 22 da kuma ƙwallo irin na mata. Shagon yana da tsabta da haske, amma kusan dukkan bangonsa rigunan Arsenal da Barcelona da Real Madrid ne suka cinye shi, sai can a lungu, kusa da takalman gudu, aka rataye 'yan rigunan ƙwallon kwando da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

A cikinsu muka tarar da abin da ya kawo mu, wato baƙar riga mai rubutun ruwan ɗorawa ta Jami'ar Iowa, irin wadda Caitlin Clark, 'yar wasan ƙwallon kwando ta Amurka, ta saka daga 2020 zuwa 2024. Yaron shagon bai san mai rigar ba, iyakar abin da ya iya cewa shi ne 'yan mata na yawan tambayarta. 'Yata ce ta tsaya ta karantar da shi cewa wannan matashiya ta bar jami'a da maki 3,951, adadin da babu mace ko namiji da ya taɓa kaiwa a babban rukunin gasar jami'o'in Amurka. Ta ba shi labarin ranar 15 ga Fabrairu, 2024, lokacin da Clark ta zarce maki 3,527 na Kelsey Plum, wadda ke riƙe da tarihin mata a lokacin, da wani jifa mai maki uku daga kusa da tsakiyar fili, ta kuma gama wasan da Jami'ar Michigan da maki 49, kafin ta zarce 3,667 na Pete Maravich, mai riƙe da tarihin maza, a ranar 3 ga Maris. Ni dai na sa baki da cewa Maravich ya tara nasa ne a kaka uku kacal, a zamanin da ba a san layin maki uku ba, amma ba a saurare ni ba.

Rigar ba ta asali ba ce, kuma mai shagon bai ɓoye ba, abin da ya sa ya ƙara kima a idona. Yadin yana da sauƙi, ba ya riƙe gumi, ɗinkin hammata ya zauna daidai, sai dai lambar liƙa ta aka yi da zafi maimakon a ɗinka, har gefen 2 ta farko a lambar ya soma ɗagowa bayan wanki biyu. Wanda ya saya ya juya ta ciki kafin wanki, kada kuma dutsen guga ya kusance ta. Ciniki bai yi tsawo ba: na taya ya ce albarka, na ƙara kaɗan ya sallama.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen ƙwallo. Da na nemi mai lamba 6, wanda shi ne mata ke bugawa, sai mai shagon ya miƙo mini mai lamba 7 yana cewa, "Alhaji, ai duk ɗaya ne." Alhali ba ɗaya ba ne, domin kewayen na mata inci 28.5 ne, na maza kuwa 29.5, ga shi ya fi nauyi, kuma yarinyar da ta saba da ƙwallon da ya fi ƙarfin tafin hannunta tura shi za ta koya maimakon jifa, musamman daga nesa inda Clark ta jefa ƙwallaye 548 masu maki uku. Ya yi alkawarin kawo shi daga Legas cikin kwana uku, sai da muka yi kwana tara. Da ya iso kuwa ba shi da laifi: roba ce mai kauri da ke jure filin siminti, ya kuma haɗa mana da allurar famfo kyauta.

Akwai kuma giɓin da ya fi damuna a gari irin Kaduna. Rigar ba ta da hannu, yawancin 'ya'yanmu kuma ba za su shiga fili da ita haka nan ba, amma shagon ba shi da rigar ciki mai dogon hannu, ba shi da hijabin wasa, duk da cewa hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta halatta rufe kai tun 2017. Ƙasar da matanta na D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a gasar Olamfik ta Paris a 2024 ba za ta rasa masu sayen waɗannan kaya ba. Na faɗa wa mai shagon haka, ya rubuta a bayan littafin rasit ɗinsa, mu kuma muka wuce Kasuwar Barci muka nemo rigar cikin a wajen 'yan gwanjo.