Bayan ƙaramar sakandare: makarantar kimiyya, ta fasaha, ko ta kuɗi?

Duk shekara, da zarar yara sun gama aji uku na ƙaramar sakandare, sai hankalin iyaye ya tashi. Yaro ya ce likita yake son zama, ko injiniya, uba kuma ya fara tambayar abokai inda ya kamata a kai shi. Kusan hanyoyi huɗu ne a gaban mai ɗa a ƙasar nan, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farko, wadda ni na fi karkata gare ta ga mai ƙaramin ƙarfi, ita ce makarantun kimiyya na gwamnatin jiha. Kano ce ta fara wannan tsari a 1977, da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara wasu, har da na 'yan mata irin ta Taura, wadda ta faɗa Jigawa da aka ƙirƙiro jihar a 1991. Dabarar ba ɓoyayya ba ce: a yi jarrabawa, a tsince masu ƙwaƙwalwa daga ko'ina, a tara su wuri ɗaya shekara uku, a ba su hukuma tasu daban da ta sauran makarantu. Ka shiga asibitocin Kano ka tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare, za ka ji sunan Dawaki har ka gaji. Babbar ribar nan ita ce abokan karatu. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya a unguwarsu ba tare da ya buɗe littafi ba, ranar da ya tarar da kansa na ashirin a aji, ranar ce zai fara karatu na gaske. Matsalarta kuwa ba ta wuce ta kowace makarantar gwamnati ba: cunkoso, abinci sai da haɗin garin kwaki da ƙuli daga gida, kayan gwaji kuma wani lokaci sun fi ɗalibin shekaru.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda ba za a tsallake ba. Makarantar da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ta kimiyya ce, haka ta Kagara a Jihar Neja a Fabrairun 2021. Don haka uwar da ta ce ɗanta ba zai yi kwana a bayan gari ba, kada a ce mata matsoraciya. Akwai makarantun kimiyya na jeka-ka-dawo a cikin birni. Sai dai ɗan jeka-ka-dawo ba shi da karatun dare na dole, aikin sa ido ya dawo kan gida ke nan.

Ta biyu ita ce kwalejojin fasaha, inda ake koyon wayarin, walda, gyaran mota, gini, kafinta da aikin kwamfuta. A nan iyaye suka fi yin kuskure, ta fuska biyu. Wasu na raina su, suna ganin wurin waɗanda suka kasa ne, alhali ɗalibin da ya fito da hannunsa a goge yana iya fara cin gumin kansa tun abokansa na jiran sakamakon JAMB. Wasu kuma suna kai yaro can alhali burinsa likitanci ne. Jarrabawar kwalejin fasaha ta NABTEB ce, hukumar da aka kafa a 1992. Kwalejojin kimiyya da ƙere-ƙere na gaba da sakandare suna karɓarta ba gardama, jami'o'i da yawa ma haka, amma kowane kwas da sharaɗinsa. Likitanci yana neman kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, jami'o'i da dama kuma a zama ɗaya suke so. Injiniyanci ba ya neman Bayoloji. To tun kafin a sayi fom, a buɗe kundin JAMB a duba kwas ɗin da yaro ke so, sannan a tambayi makarantar ko tana koyar da darussan nan duka, kuma wace jarrabawa take yi wa ɗalibanta rajista. Masu sha'awar kwalejojin kimiyya da fasaha na tarayya, irin ta Dayi a Katsina ko ta Zuru a Kebbi, su lura cewa a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da mayar da irin waɗannan kwalejoji na fasaha zalla.

Ta uku, makarantar masu hazaƙa ta tarayya da ke Suleja, gurbinta kaɗan ne, kuma tun daga aji ɗaya aka fi shiga. Wanda ɗansa ke firamare ne zai sa ta a lissafi.

Sai makarantun kuɗi. Akwai na ƙwarai a cikinsu, masu tura yara gasar lissafi ta ƙasa su dawo da lambar yabo. Akwai kuma waɗanda iliminsu na kimiyya ya tsaya a allon bakin ƙofa, inda aka zana mutum-mutumi da jirgin sama. Na taɓa raka wani ƙanina wata irin wannan. Shugaban makarantar ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce, "Alhaji, ai mu komai na zamani ne." Muka ce a nuna mana ɗakin gwaje-gwaje. Sai da aka yi minti ashirin ana neman makulli. Da aka buɗe, kwalaben gwaji na nan jere cikin kwalinsu, ko ledar ba a yage ba, famfon da ke kan tebur na murɗa shi, ko ɗigo. Kwamfutoci sha biyu an lulluɓe su da zani kamar kayan amarya. Ƙanina ya dube ni, ya ce, "Yaya, mu tafi."

Wannan ziyara ita ce awon da nake ba kowa shawara, ko makarantar gwamnati ce ko ta kuɗi. A je ranar karatu, ba ranar taron iyaye ba. A nemi wani ɗan aji biyu na babbar sakandare ya kawo littafinsa na gwaji. WAEC da NECO duka suna da takardar gwaji a Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma makarantu da yawa sai ana saura mako biyu jarrabawa suke nuna wa yara yadda ake ɗiga asid cikin kwalba har ruwan ya sauya launi. Littafin da aka yi aiki da shi ba ya ɓuya: za ka ga tabon ruwa, lambobin da aka soke aka sake, da jan biron malami. A tambayi malaman Fiziks nawa ne, kuma shekara nawa suka yi a wurin, domin shi ne malamin da ya fi wuyar samu, ya fi saurin gudu. A tambayi ko ana koyar da babban lissafi, wato Further Maths, wanda zai sauƙaƙa wa mai son injiniyanci shekararsa ta farko a jami'a. Kwamfuta kuwa, tambayar ba nawa ce ba, sai sau nawa ake kunna ta a mako, da wace wuta.

Ƙanin nawa dai ɗansa ya zauna jarrabawar hukumar makarantun kimiyya, kuɗin da aka tanada don makarantar kuɗin kuma aka raba biyu: rabi na malamin da ke zuwa gida lokacin hutu yana yi masa Turanci da Lissafi, rabi na guzurin komawa makaranta.